Kaza da Agwagwa a Gida Ɗaya: Darasin Anguwan Rogo ta Jos ga Mazauna Kudu

Duk wanda ya taɓa shiga lungunan Anguwan Rogo da ke Jos ta Arewa da sassafe, ya san kafin ya ji sallamar mutum zai ji carar zakara. Unguwa ce mai cunkoso da ke maƙwabtaka da harabar Jami'ar Jos ta titin Bauchi. Gidaje manne suke da juna, tsakar gida kuma ba ta da wani faɗi. Duk da haka a gidaje da dama za ka tarar da akurki a bayan ɗaki, ko ka ci karo da agwagwa tana tafe da 'ya'yanta a bakin kwata. Galibi dukiyar mata ce da yara. Ita ce asusun da ake fasawa idan an koro yaro kuɗin makaranta, ko an rubuta magani a asibiti, ko baƙo ya sauka babu shiri.

Mu da ke zaune a Sabon Ibadan, Agege, Idi-Araba, Shagamu, Ama Hausa ta Owerri ko Fatakwal, mun san irin wannan zama na ƙaramin wuri. Bayan da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, farashin masara da na abincin kaji ya tashi, ƙwai da nama suka bi sahu. Shi ya sa iyalai da yawa ke tunanin ajiye 'yan kaji biyar ko goma, a haɗa da agwagwa biyu, ko don ƙwan yara.

Tunanin mai kyau ne, amma da yawa kan fara da murna su ƙare da asara. Idan ka bibiyi asarar, kusan kullum daga wuri biyu take fitowa: an haɗa kaza da agwagwa a makwanci ɗaya da mashaya ɗaya, sannan ba a yi rigakafi ba sai da ciwo ya shigo. A kan waɗannan biyun za mu tsaya, mu duba yadda abin yake a Jos da kuma abin da ya kamata mazaunin Kudu ya sauya.

Me ya sa Jos

Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka ta fi yawancin garuruwan ƙasar nan sanyi. Kaza mai ƙwai ta fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma Jos ba ta cika yin nisa da wannan ba. Wannan ne ya sa gonakin kaji suka yawaita a Filato, ake lodin ƙwai daga can zuwa wasu jihohi. A Vom, kudu da Jos kaɗan, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda take can tun 1924, kuma tana haɗa magungunan rigakafin kaji da ake amfani da su a faɗin Najeriya. A yankin Bukuru akwai kamfanin Grand Cereals mai yin abincin kaji na Vital Feed. Ka ga mai kiwo a Anguwan Rogo yana da rigakafi da abinci a kusa da shi. Ga hatsi da garin katako a kasuwar Katako, ga ragowar ganyen kabeji da latas a kasuwar Farin Gada.

Sai dai sanyin da ke taimakon babbar kaza shi ne ke kashe ɗan tsako. A Disamba da Janairu dare kan yi sanyi ƙwarai, har ya sauka ƙasa da digiri 12. A Yuli da Agusta kuma ruwa ba ya ɗaukewa, wani lokaci har da ƙanƙara. Mai kiwo a Jos dole ya koyi abu biyu: yadda zai ɗumama 'yan tsaki, da yadda zai hana danshi shiga makwanci. Na biyun nan shi ya fi shafar mutanen Kudu.

Halinsu ba ɗaya ba

Kaza tsuntsuwar busasshen wuri ce. Wankanta ma da ƙura take yi, ta yi birgima a toka ko rairayi don ta kori ƙwarƙwata. Da dare tana son ta hau sanda ta kwana a sama. Idan ƙasan akurki ya jiƙe ya haɗu da kashi, warin da ke tashi yana cin idonta da huhunta, kuma a cikin wannan danshi ne ƙwayar cutar kashin jini ke hayayyafa, wadda ke kwashe 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida.

Agwagwa kuwa ba ta iya cin abinci ba tare da ruwa a kusa ba. Za ta ɗebi dusa ta tsoma baki, ta dawo ta sake ɗiba. Tana bukatar ruwan da zai rufe kanta gaba ɗaya don ta wanke hanci da ido. Kashinta ma ruwa-ruwa ne. Saboda haka idan suka haɗa kasko, cikin ɗan lokaci ruwan ya zama taɓo, ƙasan wurin ya jiƙe, kaza ta sha ƙazanta ta kwana a danshi. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. To ƙadangare sha kawai yake yi ya wuce, agwagwa kuwa ɓata ruwan take yi.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Agwagwa tana da juriya, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar farin kashi ko ta murar tsuntsaye tana yawonta lafiya lau, tana zubar da ita a kashi da ruwan sha. Sai ka wayi gari kaji na mutuwa, agwagi na nan garau, har mutane su ce ai agwagwa ba ta ciwo. Sau da yawa ita ce ta ɗauko cutar daga kwata ko daga tsuntsayen waje.

Na ƙarshe shi ne toron agwagwa. Yana da nauyi da ƙarfi, kusan ninkin macen. Idan babu mata isassu yakan bi kaji, kuma yana iya ji musu rauni ko ya kashe su. Yakan taka 'yan tsaki a wurin cin abinci.

Yadda ake raba wuri ko da gidan ƙarami ne

Ba sai kana da fili ba. Abin da ake bukata shi ne makwanci biyu da mashaya biyu. Akurkin kaji a ɗaga shi daga ƙasa kamar tsawon gwiwa ko fiye, a ɗora a kan ƙafafun katako ko bulo, a yi masa raga ta gaba don iska, a sa sanda a ciki. Faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya ya isa kajin gida uku zuwa huɗu su kwana. A shimfiɗa garin katako ko ɓuntun shinkafa, a riƙa juyawa, da zarar ya fara dunƙulewa a kwashe.

Agwagi kuma a ƙasa suke kwana, don haka a ware musu gefen da ruwa ke gangarewa waje. Kada a sa makwancinsu a ƙarƙashin akurkin kaji, domin kashin kaji zai riƙa zuba musu. Ba dole ba ne a haƙa musu tafki. Tsohuwar roba ko jarka da aka yanke gefenta ta wadatar, a ɗora ta a kan tsakuwa, a zubar da ruwan kullum da yamma. Da dare a fitar da ruwa daga makwanci, in dai ba ƙanana ba ne.

Mashayar kaji a rataye ta ko a ɗora a kan bulo daidai tsayin bayansu, mai ƙaramin baki wadda agwagwa ba za ta iya tsoma kai ba. A ajiye musu kwano na busasshen rairayi da toka a inda ruwan sama ba ya kaiwa. Raga ta zama mai ƙananan ido, domin ɓera da gafiya da muzuru da dare suke ɓarna, da rana kuma ga shaho da shirwa. Agwagwar gida tana tashi sama, tana iya haye katanga, don haka a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi.

Wane iri za a ajiye

Kazar gida, wadda ake ce wa ta Hausa, ita ta fi juriya kuma tana neman abincinta. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, sau uku ko makamancin haka a shekara. Ba ta da yawan ƙwai, amma ita ke ƙyanƙyashe da raino, kuma namanta yana da daraja a kasuwa.

Kajin gidan gona masu ƙwai suna farawa daga wata huɗu da rabi zuwa biyar, kuma da kulawa mai kyau guda ɗaya na iya yin ƙwai kusan 280 a shekara. Amma ba sa kwanci, ba sa haƙuri da yunwa. A cikinsu akwai Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar. Buloila kuma ta nama ce, mako shida zuwa takwas ta isa yanka, amma ita ta fi kowa saurin mutuwa da zafi.

Tsakanin waɗannan akwai irin da aka haɗa don ƙaramin mai kiwo, masu ba da nama da ƙwai kuma suna iya kiwo a tsakar gida. Noila daga Awe ta jihar Oyo ta fito, FUNAAB Alpha kuma daga Jami'ar Noma ta Abeokuta. Duka biyun a Kudu maso Yamma aka samar da su, don haka samunsu ba wuya ga mazauna Legas, Ogun da Oyo.

Agwagwar da muka saba da ita, mai jan fuska, ita Turawa ke kira Maskobi, asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ba ta da hayaniya, toron ma huci kawai yake yi, wanda hakan alheri ne ga mai zaman gidan haya. Zakara ɗaya ya isa kaji takwas zuwa goma, toro ɗaya ya isa agwagi huɗu zuwa biyar. Abin da ya wuce haka na maza, cin abinci ne da faɗa, gara a yanka ko a sayar.

Kwanci da ƙyanƙyasa

Kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai. Agwagwar gida kwana 35. Zabuwa kwana 26 zuwa 28. Mutane da yawa sukan zuba ƙwan kaza da na agwagwa a ƙarƙashin uwa ɗaya a rana ɗaya. Da 'yan tsaki sun fito sai uwar ta tashi ta bi su, ƙwan agwagwa ya huce ya lalace saura mako biyu.

Agwagwa gwanar kwanci ce, tana rufe ƙwai 12 zuwa 15, kuma akan sa mata na kaza ko na zabi. Idan an yi haka, a kwashe 'yan tsakin da zarar sun bushe, domin za ta ja su ruwa, su kuwa ba su iya iyo ba. Idan kaza aka ba ƙwan agwagwa, kada ya wuce biyar ko shida saboda girmansa.

Ƙwan da za a sa kada ya wuce mako guda zuwa kwana goma da yi, kuma kada a wanke shi. A yi wa kowanne alama da fensir. Bayan kwana bakwai zuwa goma, a haska shi da fitilar waya a cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fayau babu komai, a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe.

Idan 'yan kwana ɗaya aka sayo, makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kamar digiri uku duk mako. Su da kansu za su gaya maka: in sun taru sun danne juna sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci to daidai ne. A Jos akan yi amfani da gawayi a tukunya ko fitilar kananzir saboda wuta ba ta da tabbas. A nan a yi hattara. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, tana kashe tsaki, tana kashe mutum. Kada a kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma a bar kafar iska ta sama.

'Ya'yan agwagwa ma ba a barinsu su yi iyo a makonnin farko idan babu uwa. Gashinsu bai da man da ke hana jiƙa, suna iya nutsewa a kwano ko sanyi ya kashe su. A zuba tsakuwa a mashayarsu.

Abinci da lissafi

Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kajin gidan gona, don haka a yi lissafi kafin a saya. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 120 a rana. Goma za su ci kilo ɗaya da giram 200, wato buhu mai kilo 25 zai yi musu kwana 20 zuwa 21. Idan suna ba da ƙwai bakwai ko takwas a rana, a wannan lokaci za a tara kusan kiret biyar. To sai ki tambayi kuɗin buhu ɗaya a unguwarku, ki tambayi kuɗin kiret biyar. Abin da ya rage shi ne ribarki, kafin a cire magani da kuɗin rainon wata biyar da suka yi ba ƙwai. In lissafin bai fita ba, kazar gida ko noila ta fi miki.

Ga kajin gida, dusa kaɗai ba ta isa. Tana cika ciki, amma ba ta gina jiki. A haɗa da tsakin masara ko dawa, da waken suya da aka soya ko aka dafa, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Dusar awara da mata ke zubarwa abinci ce mai kyau idan an shanya ta. Haka garin ƙuli-ƙuli, kan kifi, gara, ganyen zogale da ragowar tuwo da ba ta yi tsami ba. Don ƙwarin ɓawon ƙwai, a gasa ɓawon ƙwai ko ƙashi a daka a zuba musu. A Kudu ana samun ɓawon kawa da na dodon koɗi da dusar kwakwar manja cikin sauƙi. Ɓawon rogo ma ana ba su, amma sai an shanya ya bushe sarai, saboda ɗanyensa yana da guba.

Agwagwa ta fi kaza cin ganye, shi ya sa ragowar kayan gwari ke rage wa mai ita kashe kuɗi. A ɗan yayyafa wa abincinta ruwa ya yi warwar, a ba ta abin da za ta cinye nan take. Babban haɗari gare ta shi ne hatsin da ya yi fumfuna. Gubar da ke cikin ruɓaɓɓiyar masara ko gyaɗa tana lalata hanta, kuma 'ya'yan agwagwa na cikin tsuntsayen da ta fi saurin kashewa. Masarar da ba za ki ba iyalinki ba, kada ki ba su.

Farin kashi da murar tsuntsaye

Ciwon da ke share akurki a mako guda, wanda a gida ake ce wa farin kashi, likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan shi a shekarun 1920. A Najeriya a yankin Ibadan aka fara tabbatar da shi a farkon shekarun 1950. Alamominsa su ne gyangyaɗi, sakin fiffike, zawo fari ko kore, wahalar numfashi, da murɗewar wuya. Ya fi tsanani lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da kuma kaji ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa saboda Kirsimeti da sabuwar shekara.

Ba shi da magani. Kafso ja da yalo da ake fasawa a ruwa ba ya kashe wannan ƙwayar cuta. Barkono, tafarnuwa, gautan kaji da sassaƙen maɗaci da iyayenmu ke jiƙawa, ba sa maye gurbin rigakafi. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai kuma I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda aka samar a Ostareliya don ƙauyukan da ba firji, kuma cibiyar Vom tana yin sa. Ya fi jure zafi, amma shi ma ba a barinsa a rana. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, kuma a tabbata an yi zagaye ɗaya a Oktoba kafin iska ta juya.

Lafiyayyun kaji ake yi wa. Idan na ruwa ne, a hana su sha na awa ɗaya ko biyu tukuna, a yi amfani da ruwan da ba a sa masa sinadarin kulorin ba, su shanye cikin awa biyu, ragowar a zubar. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma in an buɗe ba a ajiyewa. Saboda haka abin da ya fi shi ne gidaje biyar ko goma a layi su haɗa kuɗi su yi rana ɗaya. Wannan ya fi araha, kuma kazar maƙwabci ba za ta dawo muku da ciwo ba. 'Yan tsakin gidan gona suna kuma bukatar rigakafin gumboro wajen mako biyu, da na ƙuraje wajen mako shida. A tambayi likitan dabbobi jadawalin.

Murar tsuntsaye ta fi wannan haɗari. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. A farkon 2007 ta yi sanadin mutuwar wata mata a Legas. Ta sake dawowa a 2015 da 2021, kuma Filato na cikin jihohin da ta taɓa. Idan kaji suka fara faɗuwa farat ɗaya da yawa, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi, kada a yanka a ci, kada a ruga da su kasuwa. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙona, ba a jefa a kwata ba, kuma kada yara su taɓa.

Ga wata al'ada tamu da ke jawo asara. An je gida Sallah, an dawo da kyautar kaza ko agwagwa a saman mota, sai a sake ta cikin na gida a daren. Duk sabon tsuntsu, ko daga hannun wa ya fito, a killace shi shi kaɗai mako biyu zuwa uku. Masu sana'ar kaji a Mile 12, Bodija da sauran kasuwanni kuma su sauya takalmi su wanke hannu kafin su leƙa akurkin gida.

Abin da ya sauya a Kudu

A Jos ana rufe akurki da buhu saboda sanyi. Wanda ya kwaikwayi haka a Legas ko Fatakwal zai dafa kajinsa. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafi, kuma idan iska na da danshi hakin ba ya yi mata aiki sosai. Zafi ya wuce digiri 30, ci ya ragu, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Don haka a Kudu raga ta fi katako yawa, a sa akurki a inuwa, a ɗora buhu ko ganyen kwakwa a kan kwanon rufi, a ba da abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke. 'Yan tsaki har yanzu suna son ɗumi, musamman da dare da lokacin ruwa, amma ba su kai na Jos daɗewa a kai ba.

Damina a Kudu ta fi tsawo, Fatakwal ma tana samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara. Shimfiɗa tana saurin jiƙewa, abinci yana saurin fumfuna. Kada a sayi abin da zai wuce mako biyu zuwa uku, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Kashin jini da tsutsar ciki sun fi yawa, sauro kuma yana yaɗa ƙurajen kaji. A unguwannin da ruwa ke kwanciya, akurki mai ƙafa dole ne.

Agwagwa ta fi kaza jure wannan yanayi, amma kada a bar ta a kwata. Ruwan da ya daɗe a kwance da mushe a ciki yana haifar da gubar da ke sa wuyanta ya saki ta mutu. Ban da haka, kiwon kwata ne ya sa mutane da yawa ke ƙyamar namanta, har wasu kan tsare ta kwanaki suna ba ta abinci mai tsabta kafin yanka.

Maƙwabta da kasuwa

A Anguwan Rogo kusan kowa ya saba da kukan kaji. A gidan haya na Kudu, inda ƙabilu daban-daban ke haɗa tsakar gida ɗaya, wari da ƙuda da carar asuba na iya jawo rigima da mai gida ko duba-gari. Mu baƙi ne a idon wasu, ƙaramin abu kan zama babba. A nemi izinin mai gida tun farko. A share kullum, a tara kashin a buhu a rufe, masu lambu suna saye. In wurin ya matse a haƙura da zakara, domin kaza tana yin ƙwan ci ba tare da shi ba, ƙyanƙyasa ce kawai ke bukatarsa. Ƙwai biyu ko uku da za a miƙa wa maƙwabciya lokaci-lokaci suna kashe magana da yawa.

Kaza tana da kasuwa ko'ina, musamman a Sallah biyu, Kirsimeti da Ista. A ƙirga baya daga ranar biki: buloila mako bakwai ko takwas, noila kamar wata uku, kazar gida wata biyar zuwa shida. Kasuwar agwagwa ta fi ƙunci. A ƙasar Yarbawa, inda ake kiranta pepeye, akwai masu camfi a kanta, don haka kafin ki tara da yawa ki san wanda zai saya.

Ga mai son farawa, kaji biyar da zakara ɗaya sun isa, a yi musu rigakafi a makon da suka gama killacewa. A riƙe su wata shida, a ga yadda damina ko hunturu zai bi da su, ana rubuta abin da aka kashe da abin da ya shigo a ɗan littafi. Idan shimfiɗa na zama a bushe kuma maƙwabta ba su koka ba, sai a ware gefen agwagwa da nata ruwan, a kawo mace biyu da toro ɗaya. Allah ya sa albarka a nema.